Udan Alhaji da Rufin Ɗakina

Tambaya ɗaya ce har yau na kasa amsawa, kuma mai amsa mini ita ya tafi. Yaya aka yi mutumin da bai taɓa sayen rago ba sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya ɗaga jela, ya matsa kwiɓi, ya wayi gari ya kwashi kuɗin rufin gidanmu ya sayi abin da ba shi da baki balle haƙori?

Ni ban yi boko ba, alƙalami bai taɓa zama a hannuna ba. Autata ce ke rubutawa, wadda ke aiki a ofishin fiton kaya can tashar jiragen ruwa, ni kuma ina faɗa. In kuka ya zo mini takan dakata, in na share ido mu ci gaba. 'Yan zumuntar unguwarmu ta New Bell ne suka ce tunda shekara ta zagayo, in faɗi wani abu a kan Alhaji a karanta wurin sadaka. To ga shi. Sunansa kun sani. Tun da aka kawo ni gidansa daga Garwa bakina bai taɓa kama sunan ba, ba kuma yau zai fara ba. A kasuwar tumaki dai Baba Albarka ake ce masa, kuma bai ci sunan a banza ba.

Kowane dillali yakan ce albarka in an yi masa tayin da bai kai ba. Shi Alhaji ba ya ma jiran ya ji tayin. Mai saye zai dafa rago ya ce, “Alhaji, wannan farin zan ba da...”

“Albarka!”

“Haba Alhaji, ai ban faɗa ba tukuna!”

“Na gani a fuskarka.”

Da a kasuwa ya bar ta da sauƙi. Har gida ya kawo mana ita. In na ce yau tuwon masara zan yi, albarka. Likita ya ce ya dawo bayan mako biyu, albarka. Ranar ɗaurin auren wannan da ke rubutu, wakilin ango ya faɗi sadaki a masallaci, abin da aka riga aka gama magana a kai tun a zaure, sai kawai aka ji “Albarka!” Liman ya zungure shi da gwiwar hannu. Alhaji ya gyara hula ya ce, “Bakina ne ya riga ni. Amma tunda ta fita, ku ɗan ƙara.” Wallahi sai da suka ƙara. Kina dariya, Auta? Rubuta, ai gaskiya ce.

Ku da kuke Duwala kun san ruwanmu. Ba ruwan da ke sauka ya wuce ba ne, baƙo ne mai zuwa da tabarma. Rufin gidanmu kuwa mahaifin Alhaji ne ya kafa kwanonsa, tsatsa ta cinye shi har in rana ta take sai ka ga haske ɗigo-ɗigo a ƙasa. Da damina kowace tasa a gidan ta san wurin aikinta. Bokiti a bakin ƙofa, roba a kan akwati, babban daro a tsakiyar ɗaki. Na roƙi rufin nan har na gaji da roƙo.

Da gwiwoyinsa suka ƙi tsayuwar kasuwa, ya sayar da turkensa da sauran dabbobin da ke ciki ga wani mutumin Marwa. Ya dawo gida da kuɗin a ƙulle cikin tsohon rawani, ya ajiye gabana ya ce, “Ladi, bana ruwa sai dai ki ji shi a kunne, ba a goshi ba.” Na yi kukan murna. Kafinta ya zo ya hau ya auna, ya ce zai dawo ya karɓi kuɗin kwano da katako.

Kafin ya dawo Alhaji Sani mai shadda ya riga shi. Bakano ne, bai daɗe da zuwa Duwala ba, mutumin kirki amma bakinsa ya fi shaddarsa santsi. Ina bayan labule ina jin su.

“Alhaji, kuɗi ba a kwantar da su a kan rufi. Rufi ba ya haihuwa.”

“To me ke haihuwa yanzu, tunda na rabu da tumaki?”

“Hannun jari. Abin da yaran nan ke ce wa aksiyon. Akwai wani ɗan ƙaramin kamfani, yana haƙar zinariya can gabas bayan Bertuwa, kuma ya ce zai tono iskar gas ya riƙa ba da wutar lantarki. Ƙwara ɗaya ba ta kai kuɗin tsinken tsire ba. Mu 'yan kasuwa da yawa mun shiga, har zaure muke da shi a waya.”

Alhaji ya gyara zama. Can sai na ji ya ce, “Gaba zinariya, baya iskar gas? Ai wannan Uda ne.” Kun san Uda, ragon nan mai gaba baƙi baya fari. Daga ranar kamfanin bai sake jin sunansa na gaskiya a gidanmu ba.

Na ɗauka hira ce. Ashe washegari sun hau bensikin, babur ɗin haya, sun tafi wani ofis a Akwa. Shi da kansa ya ba ni labari daga baya, yana alfahari. Wai ya tarar da wani saurayi mai ɗaure da igiya a wuya, ya ce masa, “Kai mene ne aikinka a nan?” Ya ce yana haɗa mai saye da mai sayarwa ne ya ɗauki ɗan kasonsa. Alhaji ya miƙa masa hannu. “La'ada ke nan. Ashe ɗan gida ne! To ina turkenka?” Sai saurayin ya juyo masa da gilashin na'ura mai cike da lambobi. Alhaji ya ce, “Na ga dabbobin naku ba sa wari. Wannan ma ci gaba ne.” Ya kwance rawani.

Ni ban sani ba sai ranar da kafinta ya zo karɓar kuɗi. Na ji Alhaji a ƙofar gida yana ce masa ya dawo bayan Sallah. Na fito ko mayafi ban gyara ba.

“Wace Sallah, Alhaji?”

“Babba mana. Da Ƙarama ake sayar da rago?”

Nan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Wai duk abin da aka saya da araha a kiwata, ana gab da Layya yake tashi. Ya saya yanzu da babu mai kallo, ranar jajibiri zai sayar, mu yi rufi, mu ɗaga daɓen ɗaki, har bene in na so. Na aika aka kira Auta daga wurin aiki. Ta zo tana haki, ta ji bayani, ta dafa kai.

“Papa, ce n'est pas un mouton! Wannan ba tunkiya ba ce!”

“Auta, zauna. Kin taɓa ganin abin da ya yi araha ana saura kwanaki Sallah? Tumatir tashi yake. Ɗinki tashi yake. Bensikin ma ninka kuɗi yake. Sai zinariya ce za ta kwanta?”

“Masu saye da sayar da shi rabinsu ba su ma san yaushe ake Sallah ba!”

“Za su sani.”

Daga nan muka shiga sabuwar rayuwa. Auta ta sa masa abin duba farashi a waya, ta nuna masa kore ya hau, ja ya sauka. Kullum in ya dawo masallacin asuba sai ya zauna kan buzunsa, in kawo shayi, ya ɗaura tabaron nan nasa mai ƙafa ɗaya da zare, ya riƙe wayar nesa da fuska kamar za ta tunkuye shi. In kore ne, “Albarka.” In ja ne, “Albarka!” da ƙarfi har kaji su watse. Na ce wa kake ce wa albarka, wa ya taya? Ya ce, “Lambar nan tayi ne, Ladi. Wani ne a wani wuri yake gwada ni.”

Wata rana ruwa ya jiƙa mini garin masara, raina ya ɓaci, na ce masa, “Wai Udan nan naka, ka ko duba haƙoransa?”

Na so in soke shi ne kawai. Sai na ga ya ajiye kofi. Washegari ya ɗaure 'yar jakarsa da butarsa, ya ce zai je ya ga dabbarsa. Tsoho mai ciwon gwiwa! Mota zuwa Yawunde, wata motar zuwa Bertuwa, daga can babur cikin daji. Ya dawo ja wur tun daga hula har takalmi, gemunsa kamar an sa masa lalle.

“Ka ga zinariyar?”

“Mai gadi ya hana ni shiga. Na ce masa ni ɗaya ne daga cikin masu wurin. Ya ce masu wurin da mota suke zuwa.”

“To me ka gani?”

“Mai gadin na gani. Ladi, mai gadin nan tumbi gare shi. Karensa ma gashi sai ƙyalli. In da yunwa a wuri, a jikin kare ake fara ganinta. Uda lafiya lau yake.”

Bai dawo hannu rabbana ba. Ya kwance ƙullin leda, jar ƙasa ce ya ɗebo a gindin shingen waya. Wai kasonsa ne, ya karɓi kafin alƙalami. Ya juye ta a babban darona, na tsakiyar ɗaki. Ruwa ya sauka, ƙasa ta zama taɓo. Da rana ta fito ya ɗauki rariyata ta tatar koko, ya tsuguna tsakar gida yana wanke taɓo, maƙwabta na leƙe ta katanga. Ya wanke, ya wanke, sai ga wani abu yana ƙyalli. Ya ɗaga sama. Murfin kwalbar lemo.

Na ce, “Barka da arziki, Alhaji.”

Ya juya murfin ya ce, “Kin gani? Har lemo suke sha a wurin.”

Layya ta matso, raguna suka cika gari, kowane lungu kuka. Uda kuwa ja yake kwana ja yake tashi. Alhaji ko a jikinsa. Wai manyan masu saye ba sa shigowa da wuri, sai jajibiri, lokacin da matansu suka hana su zama a gida. Ranar jajibiri ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya zauna kan buzu da waya. Lamba ta ƙi motsi. Ya girgiza wayar, ya hura mata iska. Ya kira Auta.

“Papa, yau Lahadi. Kasuwar a rufe take.”

“A rufe? Ran jajibiri?”

“Asabar da Lahadi ba sa buɗewa.”

Ya cire tabarau ya dube ni da tausayi, ba tausayina ba, tausayinsu. “Ladi, kin ji mutanen da ake ce sun yi karatu. Ranar da ciniki yake, ranar suke barci.”

Bayan Sallah kafinta ya zo kamar yadda aka ce masa. Alhaji ya tarbe shi da goro ya ce, “Na ce bayan Sallah. Na faɗa maka ta wace shekara?”

A shekara ta biyu Uda ya ƙara ramewa. Duk mai hankali zai tsorata. Alhaji cewa ya yi dabba in ta rame ba kasuwa ake kai ta ba, dusa ake ƙara mata. Ya sayar da rediyonsa ya ƙara saye. Ya sayar da babbar rigar da ya je Makka da ita ya ƙara saye. Na ɓoye tukwanena na ƙarfe a gidan maƙwabta.

Ni sana'ata folere, wato zoɓo, ina daskarar da shi a firigo ina sayarwa a ƙulle-ƙulle. Ran nan da tsakar rana aka ɗauke wuta, har la'asar babu ita, kayana duk suka narke, jan ruwa na bin ƙasa. Ina tsaye ina salati, sai na ji tafi a bayana.

“Madalla! Su ci gaba da ɗaukewa!”

“Alhaji, jarina ne ke malala a ƙasa!”

“Naki ne ke malala, namu na taruwa. Duk wanda ya ji zafin nan yau, gobe wutar Uda zai nema. Ki ɗauka talla ce ake mana kyauta.”

Na ce to ya zo ya lashe tallar. Ya ɗauki ƙulli ɗaya da ya narke ya shanye, ya ce a sa a asusun kamfani.

Sai shekara ta uku, wadda har yau in na tuna ta ƙirjina ke zafi. Labari ya ɓulla a zauren wayar su Alhaji Sani cewa an sami gas. Wani ya ce ya ji a bakin direban da ya kai bututu, wani ya ce ƙanin matarsa ya ga wuta na ci a bakin rami. Kore, kore, kore. Mai tsire ya saya, mai wankin hula ya saya, har wani mai gyaran babur a Bepanda ya sayar da injinsa ya shiga. Auta ta lissafa mana, ta ce abin da Alhaji ya zuba ya ninka har sau uku. Rufi, daɓe, fenti, har da canji.

Na aika aka kira kafinta ya sake hawa ya auna. Alhaji Sani ya zo da kansa, gumi na zuba.

“Alhaji, ni na sayar jiya. Don Allah ka sayar. Ni na kawo ka, ni nake ce maka ka fita.”

“Saura nawa Sallah?”

“Wata biyu.”

“Ka taɓa ganin dillalin da ya sayar da ragonsa ana saura wata biyu? Alhaji Sani, kai shadda ka sani.”

Auta ta durƙusa masa har ƙasa. Ta yi Hausa, ta yi Faransanci, ta koma Hausa. Ni ma na ajiye kunya na ce, “Alhaji, ban taɓa sa baki a cinikinka ba. Yau na sa. Ba bene nake so ba. So nake in kwanta da damina ban jera tasoshi a ɗaki ba.”

Ya dube ni, ya dubi wayar. Na rantse da Allah ya so ya ce ya sallama. Amma bakin da ya saba shekara da shekaru ba ya juyawa rana ɗaya.

“Albarka,” ya ce, a hankali.

Ba a yi mako biyu ba kamfani ya fito ya ce abin da aka samu bai kai a tona ba. Ja ya sauko kamar an yanka Udan. Mai gyaran babur ya zo ƙofar Alhaji Sani yana ihu. Kafinta ya daina gaishe mu a hanya. Ni kuma na daina yi wa Alhaji magana. Abinci in ajiye, ruwan alwala in ajiye, bakina a rufe. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa yi masa haka ba.

Damina ta shigo da ƙarfinta. Sabuwar ɓula ta buɗe daidai kan gadonmu, gefen bango, inda nake kwana tun ina amarya. Na shigo ɗaki da yamma zan gyara shimfiɗa, sai na tarar an mayar da matashina gefen ƙofa, nasa yana gefen bango, ga 'yar tasa a kai.

Na manta ina fushi na ce, “Wa ya taɓa mini matashi?”

“Ni. Likita ya ce gwiwata na son sanyi.”

“Likita cewa ya yi ka guji sanyi. Ina wurin.”

“To na ce masa albarka, ai kin ji.”

Na fita tsakar gida na yi kuka, na yi dariya, na dawo na zuba masa miya da nama biyu. Daga ranar har ya bar duniya a gefen bango ya kwana. Yakan rufa da ledar da ake rufe buhunan dusa, da safe ya zubar da tasar kafin in gani, ya ce ai ɗigo uku ne kawai. Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba. Ni ma ban sake tambaya ba.

Bara tari ya kama shi, ya sauka ƙirji. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Na ce a mayar da shi gefen ƙofa, ya ce in an taɓa shi zai tashi ya koma kasuwa. Sai muka ja gadon, amma ɗakin nan duk inda ka ja gado akwai ɓular da ke jiranka.

A kwanakin nan ne Uda ya fara farfaɗowa. Wai zinariya ta yi tsada a duniya, kuma sun sami 'yar wadda suka haƙa. Ba irin hawan da ya yi a da ba, a hankali dai, kamar tsoho a kan matakala. Ana saura kwanaki kaɗan Layya Auta ta zo bayan azahar ta zauna bakin gado ta nuna masa kore.

“Papa, ya dawo inda ka saya. Har ya ɗan wuce.”

Ya sa aka ɗaura masa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Sai murmushi ya cika fuskar nan da ta rame.

“Ban faɗa ba? Sun san Sallah.”

“A sayar, Papa?”

Muryar da ƙyar take fita, amma ta fita. “Albarka.”

Auta ta fashe da dariya hawaye na zuba, ta tashi ta fita ɗauko masa ruwan zafi. Muka rage ni da shi, da ƙarar ɗigo a tasa. Ya kamo hannuna ya faɗa mini wata magana. Daga ita sai kalmar shahada, da liman ya zo bayan la'asar. Bai ga Sallar ba.

Da na fita takaba 'ya'ya suka taru suka ce sun yafe mini kasonsu na Uda, in yi yadda na so. Alhaji Sani ya ce in riƙe, yanzu ne zai tashi. Na ce wa Auta ta nemo mana mota, bensikin ba nawa ba ne. Muka je Akwa. Na ga saurayin nan mai igiya a wuya, ashe har ya yi furfura. Da ya ji ko matar wace ce ni, ya miƙe tsaye. Ya ce duk ofishin sun san Alhaji, shi kaɗai ne yake zuwa ya tambaye su ko dabbobi sun kwana lafiya.

Ya duba na'urarsa ya faɗi farashin ranar, Auta ta juya mini da Hausa. Na gyara mayafi na ce, “Albarka.”

Auta ta taɓa ni. “Inna, nan ba a ciniki. Abin da ya faɗa shi ke nan.”

“Na sani. Faɗa masa dai.”

Ta faɗa masa. Bawan Allah ya dube ni, ya dubi na'ura, ya ce a yi haƙuri, ba shi da ikon ƙara ko dala. Na bar shi ya ɗan jira. Na dubi bango, na dubi takalmina, kamar yadda na sha ganin Alhaji yana yi in mai saye ya fara gumi. Sannan na ce, “Na sallama.” Aka kawo tawada na dangwala.

Kuɗin sun yi rufi cif. Daɓe bai samu ba, fenti bai samu ba. Kafinta da ya ga kuɗi a hannu sai da ya juya su gaba da baya. Bayan an gama aiki Alhaji Sani ya zo yana cizon yatsa, wai Uda ya ƙara hawa, da na jira. Na ce ya hau har sama ta bakwai, ni dai ga tawa saman a kaina.

Ruwan bana ya fara. Ina jin sa a kunne, ba a goshi ba, kamar yadda aka yi mini alkawari. Tasoshina sun koma kicin. Sai dai ban iya barci sosai, ɗakin ya yi shiru da yawa, kuma har yanzu a gefen ƙofa nake kwana. Gefen bango a bushe yake ƙayau, babu kowa a kai.

Dakata, Auta. Bari in share.

Allah ya jiƙan Alhaji. Allah ya yafe masa taurin kansa, ya saka masa da sanyin da ya sha domina. Allah ya yalwata kabarinsa, ya rufa masa asiri yadda ya so ya rufa mini, ya sa shi a inuwar da ba ta yoyo. Ku da ya taɓa ce wa albarka alhali kun yi tayin kirki, ku yafe masa. Amin.

Auta ta sha tambayata abin da ya sa na kunyata ta a ofishin mutane. Ban faɗa mata ba sai yau, ga shi za ta rubuta da hannunta. Ranar nan da ta fita ɗauko ruwan zafi, Alhaji ya ja hannuna ya ɗora a kan tasar da ke gefensa, ya ce:

“Ladi, in na tafi babu mai tare miki wannan gefen. Ki sallama masu Uda, ki rufe ɗakinki. Amma ki fara ce masu albarka ko sau ɗaya ne, kar su raina mu.”